Numfashin minti biyar: tsakanin Buda, masana ƙwaƙwalwa da 'ya'yanmu



A watan Yunin 2023, magajin garin Niyok na wancan lokaci, Eric Adams, ya ba da sanarwar cewa kowace makarantar gwamnati a birnin, daga ajin raino har ajin ƙarshe na sakandare, za ta ware minti biyu zuwa biyar kowace rana domin yara su natsu su bi numfashinsu da hankali. Mu da muke zaune a Mount Hope, tsakanin Grand Concourse da Jerome Avenue, yawancin 'ya'yanmu a waɗannan makarantu suke, don haka maganar ta shigo mana har cikin ɗaki. Tun daga lokacin nake jin ra'ayi iri biyu a bakin iyaye. Wasu na cewa bautar mabiya Buda ce aka sauya wa riga aka kai wa yara. Wasu kuma na cewa kimiyya ta riga ta tabbatar da amfaninsa, har ma ta gaskata abin da Buda ya koyar, sai mai duhun kai ne zai tsaya jayayya.

Ni injiniyan lantarki ne, aikina awo da gwada na'urori. Hukuncin halal da haram yana hannun malamanmu, Allah ya ƙara musu lafiya. Abin da nake so in taimaka da shi tambaya ce guda: idan aka ce kimiyya ta tabbatar da wata koyarwa ta addini, mene ne ainihin abin da aka auna, mene ne kuma aka ɗora a kai ba tare da awo ba? Amsar ta shafi mabiya Buda, ta kuma shafe mu.

Asalin abin

Siddata Gotama, wanda ake kira Buda, ya rayu a arewacin Indiya wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Koyarwarsa ta fara daga cewa rayuwa cike take da rashin gamsuwa, tushen hakan kwaɗayi ne da manne wa abin da ba ya dawwama, kuma akwai hanyar kuɓuta mai rassa takwas. Reshe na bakwai shi ne abin da ake kira sati da harshen Pali, wato mutum ya kasance yana sane da jikinsa da abin da ke gilmawa a ransa a daidai lokacin da yake gilmawa. Asalin ma'anar kalmar tunawa ne. Bin shigar numfashi da fitarsa na cikin tsofaffin hanyoyin horon. Akwai kuma wata koyarwa da ake kira anatta: cewa idan aka bincika mutum ba za a sami wani "ni" tabbatacce a cikinsa ba, sai tarin abubuwa masu zuwa suna wucewa. Tare da waɗannan akwai imani da cewa ana mutuwa a sake haihuwa gwargwadon aiki, kuma babu Mahalicci a cikin tsarin. A nan muka raba hanya da su sarai, kuma babu amfanin ɓoye hakan.

Hanyoyi biyu ne suka kawo wannan horo ɗakunan binciken Amurka. Ta farko a 1979, lokacin da Jon Kabat-Zinn, masanin kimiyyar halittu da ya yi horo a wajen malaman Buda, ya buɗe wani shiri na mako takwas a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts, domin masu ciwo mai naci da masu damuwa. Da gangan ya tsame kalmomin addini daga ciki don kowa ya iya shiga. Numfashin da ake koya wa yaranmu jikan wannan shiri ne. Hanya ta biyu ta buɗe a 1987, sa'ad da Dalai Lama, jagoran mabiya Buda na Tibet, ya zauna da masana a garin Daramsala na Indiya. Cikin waɗanda suka shirya zaman akwai Francisco Varela, masanin ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Cile. Daga wannan zama cibiyar Mind and Life ta samo asali, aka kuma fara kai masu zuhudun Tibet ɗakunan gwaji.

Abin da aka auna

A 2004 Antoine Lutz da Richard Davidson na Jami'ar Wisconsin suka wallafa wani bincike da ya yi tashe. Sun ɗora wayoyin auna wutar ƙwaƙwalwa a kan mutum takwas da suka shafe awa 10,000 zuwa 50,000 suna wannan horo, suka kwatanta su da ɗalibai goma da aka koya wa na mako guda. Lokacin da tsofaffin hannun suka shiga tunanin tausayi, sai aka ga wasu igiyoyin wuta masu saurin kaɗawa, waɗanda ake kira gama, sun yi ƙarfin da ya zarce na ɗaliban nesa ba kusa ba. Sakamako ne na gaske. Amma duk wanda ya saba da awo zai lura cewa mutum takwas ne kacal, sun girmi ɗaliban da shekaru masu yawa, kuma ba a auna su ba kafin su fara horon. Saboda haka binciken bai isa ya raba abin da horo ya haifar da abin da suka zo da shi ba.

A 2010 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, suka yi amfani da wayar hannu suna tambayar mutane 2,250 a lokuta daban-daban abin da suke yi da abin da suke tunani. Kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan, hankalin mutum ba ya kan abin da yake yi, kuma a irin waɗannan lokuta mutane sun fi ba da rahoton rashin jin daɗi. Shekara guda bayan haka Judson Brewer, a Jami'ar Yale, ya nuna cewa sassan ƙwaƙwalwar da ke tashi aiki idan hankali ya tafi yawo sun fi lafawa a wajen waɗanda suka daɗe suna horon.

To, yana magani? A 2014 masana a Jami'ar Johns Hopkins suka tattara gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutane 3,515. Sun sami shaida matsakaiciya cewa horon na rage fargaba da baƙin ciki da raɗaɗin ciwo, ba su kuwa sami shaidar cewa ya fi magani ko motsa jiki ba. A 2022 wani gwaji da Elizabeth Hoge ta Jami'ar Georgetown ta jagoranta ya nuna cewa shirin mako takwas ɗin bai gaza wani sanannen maganin fargaba ba. A wannan shekarar dai ɗakin binciken Davidson da kansa ya sake gwada iƙirarin da ya yaɗu, cewa mako takwas na sauya ginin ƙwaƙwalwa. Sun yi da mutane sama da 200, ba su ga sauyin ba, kuma suka wallafa hakan. Wanda ya fi shafarmu shi ne babban gwajin da aka yi a makarantun Birtaniya kan yara sama da 8,000, wanda shi ma ya fito a 2022: darussan natsuwa a aji ba su fi koyarwar da aka saba ba wajen kyautata lafiyar tunanin yaran, kuma yawancinsu ba su ci gaba da yi a gida ba. Willoughby Britton ta Jami'ar Brown kuwa ta tattara bayanan mutanen da dogon horo ya jefa cikin firgici da ruɗewa.

Taƙaitawar mai adalci ita ce: hankali na karɓar horo kamar yadda damtse ke karɓa, horon na taimakon wasu manya gwargwado, ba a tabbatar da amfaninsa ga yara 'yan makaranta ba, kuma yana iya cutar da wasu. Wannan ya wuce "babu komai" na masu ƙi, ya kuma gaza "an gama magana" na masu so.

Abin da aka ɗora a kai

Daga nan ne ake yin tsallen da nake so mu lura da shi. Ana cewa: masana sun leƙa ƙwaƙwalwa ba su ga wani wuri guda da "ni" yake zaune ba, ashe Buda ya yi gaskiya da ya ce babu shi. A sana'armu, darasin farko shi ne sanin iyakar na'urarka. Mitar da ke auna ƙarfin wuta ba za ta gaya maka bututun ruwa na yoyo ba, kuma shirunta ba shaida ba ne cewa bututun lafiya lau yake. Na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana bin gudun jini da iskar da ke cikinsa, wayoyin da ake ɗorawa a ka suna bin motsin wuta. An ƙera su don su ga waɗannan, su kuwa suke gani. Ko akwai ruhi, ko akwai wanda za a tayar a yi wa hisabi, ko ana sake haihuwa kamar yadda mabiya Buda suka yi imani, duk tambayoyi ne da ba su taɓa shiga bakin na'urar ba, ballantana ta amsa su.

Wasu daga cikin waɗanda suka fi kowa sanin fagen sun faɗi haka. Evan Thompson, masanin falsafa da ya rubuta littafi tare da Varela a 1991, ya fitar da wani littafi a 2020 inda ya soki masu mayar da addinin Buda kimiyya, ya nuna cewa anatta matsayi ne na falsafa da addini, wanda ake kare shi da hujjar tunani, ba a gano shi a ɗakin gwaji ba. Shi ma Dalai Lama ya cancanci a yi masa adalci. A littafinsa na 2005 ya yarda a ajiye tsohon bayanin littattafansu game da surar duniya da wani dutse a tsakiyarta, tunda awo ya saɓa masa. Amma bai ajiye imaninsa da sake haihuwa ba, domin ya bambanta abin da kimiyya ta ƙaryata da abin da kawai ba ta gano ba.

Wannan bambanci ba baƙo ba ne a gidanmu. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayaninsa a Munƙizu minad Dalal, inda yake magana kan ilimin lissafi na masana falsafa. Ya ce haɗari biyu ke ciki. Na ɗaya, mutum ya ga ƙwarewarsu a lissafi, ta burge shi, sai ya bi su ido rufe a maganar Ubangiji, alhali gwaninta a wani fanni ba ta zama gwaninta a wani. Na biyu, masoyin addini marar sani ya ɗauka kare Musulunci shi ne musanta duk abin da suka zo da shi, har lissafin husufin rana da wata, sai wanda ya san lissafin daidai ne ya fara shakkar addinin. Ra'ayoyin nan biyu da nake ji a unguwarmu su ne dai haɗurran nan biyu, bayan shekara ɗari tara. Na biyun ya fi ba ni tsoro. Yaron da ya ji da jikinsa cewa jan numfashi a hankali yana kwantar masa da bugun zuciya kafin jarrabawa, sannan uba ya ce masa ƙarya ce, to darasin da zai ɗauka shi ne uban bai san abin da yake faɗa ba, kuma zai tuna da hakan ranar da uban ya zo masa da maganar da ta fi wannan nauyi.

Ma'aunin da muka auna wa wasu kuwa dole mu auna wa kanmu. Kusan kullum ana turo mana saƙonni a WhatsApp cewa masana sun gano sujada na yin kaza ga ƙwaƙwalwa, ba sunan masanin, ba shekara, ba adadin waɗanda aka gwada. Wanda ya jingina sallarsa da irin wannan ya gina ɗaki a kan rairayi, domin binciken bana kan rushe na bara, kamar yadda muka gani a 2022. Idan gobe aka nuna cewa tafiyar minti ashirin ta fi salla saukar da hawan jini, ba za mu bar salla mu kama yawo ba. Muna yin ta ne don an umarce mu, natsuwar da ke biyo baya kyauta ce.

Natsuwa domin me?

Akwai wani gibi kuma da mabiya Buda da kansu suke kuka da shi. A tsarinsu sati reshe ɗaya ne cikin takwas, yana tafe tare da gyara magana, gyara aiki da neman abinci ta hanyar da ba ta cutar da kowa. Da aka tsinke shi shi kaɗai aka kai kasuwa, sai ya zama kayan aiki ga duk mai so. Kamfanin Google ya fara koya wa ma'aikatansa tun 2007, an kuma gwada shi a kan sojojin Amurka. Ronald Purser, malamin jami'a kuma mabiyin Buda, ya rubuta littafi a 2019 yana zargin cewa an mayar da horon hanyar sa ma'aikaci ya haƙura da yanayin da ya kamata a gyara. Mitar gida tana ƙirga wutar da aka sha, ba ruwanta da ko asibiti aka haska ko gidan caca. Ɓarawon da ke buɗe kwado da tsakar dare ma hankalinsa a tattare yake. Kimiyya za ta iya gaya mana yadda ake tattara hankali, amma inda ya dace a fuskantar da shi tambaya ce ta ɗabi'a da imani.

Mu kuwa mun san matsalar tun muna yara. Duk wanda ya karanta Ahalari a makarantar zaure ya san yadda aka zurfafa a babin rafkanuwa, da ƙabli da ba'adi, da hukuncin wanda ya rasa ko raka'a ta uku yake ko ta huɗu. Fiƙihu ya ɗauki yawon hankali a matsayin halin ɗan Adam, ya tanadar masa gyara, ƙarnoni kafin a ƙirga shi da wayar hannu. Cutar muna kiranta gafala, maganinta zikiri, wanda ma'anarsa tunawa ce, kamar dai asalin kalmar sati. Bambancin yana wajen abin da ake tunawa. Mai bin Buda yana lura da tunaninsa don ya ga babu mai tunanin. Musulmi yana lura da zuciyarsa don ya san akwai Mai ganinsa. Wannan shi ne muraƙaba, wadda Harisu Muhasibi, da ya rasu a Bagadaza a 857, ya yi dogon rubutu a kanta tare da yi wa kai hisabi, Gazali kuma ya ware musu babi guda a Ihya'u.

Akwai kuma Abu Zaidil Balkhi, wanda ya rasu a 934. Garinsu Balkh, a Afganistan ta yau, tsohuwar cibiyar addinin Buda ce, kuma kakannin Barmakawa, waziran Haruna Rashid, su ne masu kula da babban wurin ibadar Buda na garin kafin su musulunta. A littafinsa kan lafiyar jiki da ta rai, Balkhi ya raba baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar rashi ko hasara, da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana buƙatar magani. Ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin kwanciyar hankali, yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar larura. Wannan gado namu ne. Hausawa sun ce hankali ke gani, ido gululu ne. Sai dai da yawanmu mun koya wa yara yadda ake tsayuwa da ruku'u, ba mu taɓa zama mun koya musu yadda ake dawo da zuciya idan ta gudu ba. Ranar da wata malama a aji ta fara koya musu wani abu mai kama da haka, sai muka firgita.

Abin da nake gani ya dace

Na farko, mu je mu gani. A ranar ganawar iyaye da malamai, uba ko uwa su tambayi abin da ake yi a cikin mintocin nan da kalmomin da ake faɗa. Idan ƙirga numfashi ne da zama shiru, numfashi na Wanda ya halicce shi ne, kuma mu ma an koya mana cewa mai fushi ya yi shiru, ya zauna, ya yi alwala. Idan kuwa akwai rera wasu kalmomi na ibada, ko rusunawa ga wani abu, ko koya wa yaro cewa babu rai a cikinsa, sai a yi magana cikin ladabi, a kuma kai wa malamai su duba.

Na biyu, mu cike gurbin a gida da islamiyya. Minti biyu kafin kabbarar harama, yaro ya tsaya, ya ajiye waya, ya san gaban Wa zai tsaya. A fassara masa abin da yake karantawa da harshen da yake mafarki da shi, ko da Turanci ne. A gaya masa cewa hankali zai gudu, na babansa ma yana gudu, kuma dawo da shi ba tare da fid da rai ba shi ne aikin.

Na uku, kada mu bari minti biyar su zama madadin abin da ya fi su. 'Yan'uwanmu masu tuƙin tasi dare da rana, da mata masu jinyar tsofaffi a gidajen mutane, akwai waɗanda damuwa ta kwantar a cikinsu. Wanda ya kai wannan hali yana buƙatar addu'a da likita gaba ɗaya, kamar yadda Balkhi ya gane tun fiye da shekara dubu. Kuma yaran da ake ce wa su ja numfashi mai zurfi suna zaune ne a gefen Cross Bronx Expressway, inda manyan motoci ke zuba hayaƙi ba dare ba rana, a yankin Bronx da ke sahun gaba a birnin nan wajen yawan yara masu asma. Hukumar da ta damu da numfashinsu ya kamata mu tambaye ta iskar da suke shaƙa, da adadin masu ba da shawara da ke makarantarsu. Yin wannan tambaya a taron unguwa da taron makaranta yana cikin haƙƙin da 'ya'yanmu ke da shi a kanmu.

Allah ya tsare mana imaninmu da na zuriyarmu, ya ba mu ilimi mai amfani da zuciya mai halarta. Wassalamu alaikum.